Gudar Dubu da Hasken Rana

Aikina na farko a duniya shi ne ƙirga kuɗin da ba nawa ba. Da na gama sakandare, mahaifiyata ta kama hannuna ta kai ni wurin yayanta mai sana'ar hatsi a kasuwar Dawanau, ta ce, "Yaya, ga ɗanka nan, a koya masa neman na kai." Na zaci mudu za a miƙo mini, ko basillar ɗinkin buhu. Sai Kawu ya nuna mini tabarma a ƙuryar rumfa, da tsohon akwatin ƙarfe, da ƙullin robar ɗaure kuɗi. Ya ce tunda na yi boko, daga yau ni ne malamin kuɗi.

Yaran yanzu ba za su gane wahalar wannan aiki ba. Tun daga 1977 'yar Murtala, wato Naira 20, ita ce babbar takarda a ƙasar nan, sai a 1991 Naira 50 ta sha gabanta. Ta 100 ta zo a 1999, ta 200 mai hoton Sardauna ta biyo a 2000, ta 500 kuma a 2001. Amma manyan a birni suka fi tsayawa. Abin da ke kai da komo tsakaninmu da kasuwannin ƙauye ƙananan ne, waɗanda suka sha hannu har suka yi laushi. Kuɗin tirela guda ta masara a jakar gana-masgo ake kawo shi, mutum biyu ke kamawa. Ina zazzagewa a tabarma wari zai taso: manja, daddawa, busasshen kifi, gumin aljihu, wani lokaci har da turaren wata tsohuwa da ta ɓoye su a ƙasan adaka. Kafin la'asar yatsuna sun yi baƙi ƙirin. Kawu ya hana ni lasar yatsa, jiƙaƙƙen soso ne a murfin gwangwani kullum a gefena.

Ranar 12 ga Oktoba, 2005, Babban Bankin Nijeriya ya fito da takardar Naira 1,000. Azumi ake yi, kaka ta kama, kuma shekarar ce da yunwa ta gallabi maƙwabtanmu na Nijar bayan fari da farin ɗango, motocin Maraɗi da Damagaram ba sa yankewa a bakin layinmu. Sai da aka kwana biyu muka gan ta, wani mai sayen wake daga Kudu ya zaro ta cikin kuɗin kafin alƙalami. Kawu ya goge hannunsa a jikin riga tukuna, sannan ya karɓe ta ta gefe-gefe da yatsu biyu. Kafin ka ce kwabo rumfa ta cika da 'yan dako da masu awo, kowa da busasshen leɓe, kowa na miƙa wuya.

Ruwan ƙasa ce, ba wani ado mai ɗaukar ido. Kawu bai san ko "a" a boko ba, amma ya sauke Alƙur'ani tun yana saurayi. Ya kai ta kusa da fuska, ya bi rubutun ajamin da ke jikinta da ɗan yatsa daga dama zuwa hagu, ya karanta a fili: "Naira dubu." Ya ɗago ya dube mu. "To, ta faɗi sunanta da bakinta." Wani dattijo cikin masu awo ya kama haɓa ya ce, "Jaka biyar a takarda guda! Wannan in ta faɗi a hanya ai sai zaman makoki."

Sai gardama ta koma kan mutanen biyu da ke jikinta. Kowa ya san Murtala, ya san Sardauna, ya san Tafawa Ɓalewa na kan Naira 5. Awolowo da Azikiwe ma an san su, ko da a bakin siyasa ne. Waɗannan fa? Aka turo mini in karanta ƙananan haruffan da ke ƙarƙashinsu: Alhaji Aliyu Mai-Bornu da Dakta Clement Isong. Aka yi shiru. Wani ya ce mai hular cikin sarakunan Borno ne, wani ya rantse tsohon minista ne. Ni da ake taƙama da bokona sai na juya bayan takardar, na nuna musu dogon ginin hedikwatar Babban Banki da ke Abuja, don a canza zance.

Daga baya na nemi labarinsu. Mai-Bornu haifaffen Yola ne, malamin makaranta da ya koyar da Turanci kafin ya tafi Bristol ta Ingila ya karanto tattalin arziki. Shi ne ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci Babban Banki, daga 1963 zuwa 1967, bayan Baturen da aka buɗe bankin da shi. Isong ya gaje shi har zuwa 1975, kuma a hannunsa aka bar fam da sule aka koma Naira da kwabo a 1973. A hannunsa ne kuma, a Janairun 1968, ana tsakiyar yaƙin basasa, aka canza takardun kuɗi cikin gaggawa don waɗanda ke jibge a ɓangaren Biyafara su tashi daga aiki. Ashe Isong ɗin da muke ƙura wa ido ya san abin da mu ba mu sani ba: sanarwa guda kan kashe kuɗi ba tare da an taɓa jikinsa ba. A rumfar ma akwai wanda ya yi mana hannunka mai sanda, wani Alhaji daga Maraɗi da ke jiran a gama masa lodi. Ya ce, "Ku dai ku bi ta sannu. Mu bara anka canza muna sefa, wanda ya makara ya ga ta kansa." Aka kwashe da dariya, aka ce Alhaji baƙin ciki yake mana.

Ba a daɗe ba aka fara jin jabunta ta shigo gari. Wata safiya kafin kasuwa ta ci, Kawu ya zaunar da ni. Ya ce, "Ido ba mudu ba ne, ya san ƙima. Amma a harkar kuɗi ido ake fara cuta. Rufe naka." Na rufe. Ya ɗora mini gudar dubu a tafin hannu, ya kama babban yatsana ya ja shi a kan hotunan, ya ja shi a kan manyan haruffan sunan banki, ya ja shi a kan lambar dubun. Sai na ji kaushi, tawadar ta yi tudu-tudu a ƙarƙashin yatsa. Shi dai ya san haka take. Dalilin ni na binciko masa: a jikin farantin ƙarfe ake sassaƙa zanen, tawada ta cika ramukan, sannan a danna takarda a kai da matsanancin ƙarfi har tawadar ta fito ta tsaya a tsaye. Injin hoto na shagon kwamfuta shimfiɗa tawada kawai ya iya. Daga nan ya kai ta kusa da kunnena ya kaɗa ta, ta yi ƙaras-ƙaras. Da auduga ake yin takardar, shi ya sa in an manta ta a aljihu aka wanke riga takan fito da ranta, ta littafi kuwa sai ta dagargaje.

Sannan ya ce in buɗe ido mu fita rana. Akwai wani fili fari a gefe guda na takardar, wanda na ɗauka masu zanen sun rasa abin da za su sa ne. Ya ɗaga ta sama, sai ga inuwar hoto da haruffan CBN sun bayyana a cikin farin. Wannan ba tawada ba ce. Tun takardar na danya ake sa wani wuri ya yi kauri wani ya yi siriri, haske ne kaɗai ke tona shi. Ya nuna mini zaren da ke ratsa ta daga sama zuwa ƙasa: a ido guntu-guntu yake, yana nutsewa yana fitowa, amma a gaban rana sai ya haɗe ya zama layi ɗaya miƙaƙƙe, da ƙananan haruffa a jikinsa. Daga ƙarshe ya karkata ta. Wata alama mai kusurwa uku ta tashi daga kore ta koma shuɗi, ya mai da ita ta dawo kore. Wani tambari mai ƙyalli ya nuna dawakin Nijeriya da mikiyarsu, ya juya ya nuna 1000. Kawu ya ce, "Ka gani? Mai jabu ya iya kwaikwayon abin da ke tsaye. Mai motsin ne ke ba shi wuya."

Na ƙware, har na fara jin kaina. Shafa, kaɗawa, ɗagawa, karkatawa, duk a numfashi guda nake yi ina hira. A raina na yanke cewa hukuma ta gama nata, ta zuba alamomi har sun yi yawa, duk wanda aka cuta bayan wannan sakacinsa ne. Haka na yi ta ɗauka har wata ranar hunturu.

Gab da magariba ne, hazo ya rufe gari. Wani dattijo ya shigo layinmu yana tambayar kuɗin gero. Daga ƙurar ƙafarsa ka san daga nesa yake. Ya ce damina ba ta yi musu kyau ba, jiya ya sayar da sansa a kasuwar ƙauye, yana son abin da zai kai gidansa zuwa faɗuwar ruwa. Aka yi ciniki, aka sallama. Ya juya baya, ya ɗaga riga, ya kwance lalita daga ƙugunsa. Yana murmushi ya ce mini, "Yaro, zamani ya zo da sauƙi. Kuɗin sa guda, ga shi ko nauyi ban ji ba."

'Yan dubu-dubu ne, sababbi dal. Ta farko lafiya, ta biyu lafiya. Ta uku yatsana ya zame a kanta, sumul. Gabana ya faɗi. Na ci gaba da ƙirga don kada ya lura, yatsan na ta zamewa, yana zamewa, sai can ƙasa ya sake jin kaushi. An sa na gaske sama da ƙasa, an cusa na banza a tsakiya. Na fita bakin rumfa na ɗaga ɗaya ga ɗan hasken da ya rage. Zaren fenti ne aka ɗiga a sama, ba abin da ya haɗe a ciki. Inuwar hoton ko ba ka ɗaga ba tana nan, an buga ta da tawada mai dishi-dishi. Na karkata alamar nan, na sake karkatawa, tana nan kore shar. Lambar jikin takarda kuwa, wadda ba a maimaita wa takarda biyu, iri ɗaya ce a kansu duka.

Ban buɗe baki ba. Wani yaron awo na maƙwabta da ke leƙe ta kafaɗata shi ya kwarmata: "Jabu! Ga mai jabu nan!"

Duk wanda ya zauna a kasuwa ya san abin da ke bin irin wannan kira. Ƙafafu kake fara ji kafin muryoyi. Na taɓa ganin abin da taron kasuwa ya yi wa wanda aka kira ɓarawo, har yau ba na son ba da labarinsa. Nan da nan bakin rumfa ya toshe. Na hango gora a sama, na hango wani ya sunkuya yana laluben dutse. Gwiwoyina suka saki, bakina ya bushe, takardar na rawa a hannuna. Dattijon kuwa bai san da shi ake ba. Waige-waige yake, shi ma yana neman mai jabun.

Kawu bai yi gudu ba, bai ɗaga murya ba. Ya taso daga kan buhun da yake zaune, ya tsaya a ƙofa, ya ware hannayen babbar rigarsa har ya tare ta. "Baƙona ne," in ji shi. "Mai son taɓa shi ya fara da ni. Ku tafi, ana kiran salla." Allah ya taimake mu, ladan ya riga ya ɗaga murya. Aka yi ta gunaguni, aka watse ɗaya bayan ɗaya.

Bayan mun idar, Kawu ya sa aka saki buhun da ke rufe ƙofa, ya kunna fitilar ƙwai. "Malam, kawo hannunka." Ya ɗora masa ta gaske da ta jabu. "Wace ce kuɗi a nan?" Dattijon ya daɗe yana dubawa, sannan ya nuna ta jabun. "Wannan ta fi kyau." Gaskiyarsa, ta fi haske. Kawu ya kama babban yatsansa ya ja a kan hoton, yadda ya yi mini. Ya ja a kan ɗayar. Dattijon ya girgiza kai. "Alhaji, ban ji bambanci ba." Na dubi yatsan. Kanta ce ta ƙotar fartanya, mai kauri, duk ta tsattsage. Wannan fata ko ƙaya sai ta yi da gaske take huda ta, balle tudun tawada. Aka ɗaga masa a gaban fitila, idonsa da yana bai ga zare ba, bai ga inuwa ba. Maganar Kawu kawai ya gaskata.

Ya yi salati, ya maimaita. Can ya ce, "Tun yana ɗan maraƙi da hannuna nake ba shi dusa." Ya ba mu labari: masu sayen sun yi ta jan ciniki tun azahar, sai da rana ta faɗi suka sallama, suka ƙirga masa a gurguje wai motarsu za ta tashi. Ya roƙi a ba shi takardun ya koma nemansu. Kawu ya ce, "A'a, Malam. In ka fita da su, ko a kashe ka a kansu, ko ka cuci wani da su ba ka sani ba. Riƙe su ma laifi ne a wurin hukuma." Ya yayyaga su a gabansa ya ƙona, ya bar rabin guda ɗaya, ya rubuta "jabu" da ajami a kai, ya jefa mini cikin akwati don koya wa yara. Ya sa aka auna masa na kuɗinsa na gaske, ya ƙara masa bashi zuwa kaka, ba takarda ba shaida. Dattijon ya biya, a hankali, da wake da gyaɗa.

A daren na kasa barci. Sai a lokacin na gane cewa duk alamomin nan da nake taƙama da su suna da sharaɗi: sai da haske, sai da lafiyar ido, sai da natsuwa, sai kuma an taɓa nuna maka. Mai jabu ya san ba zai wuce kashiyar banki ba, bai ma gwadawa. Magariba yake nema, da tsoho, da gaggawa. Kuma banki in ya kama jabu karɓewa yake, ba ya mayar maka da ko kwabo, don haka duk wanda ta faɗo hannunsa shaiɗan na raɗa masa ya tura gaba. Haka za ta yi ta gangarawa har ta isa hannun da ba shi da wanda zai tura wa.

Shekaru suka shuɗe. A 2007 aka cire ajami daga ƙananan takardu, a 2014 aka cire shi daga sabuwar Naira 100, Kawu ya yi ta mita wai an mai da shi makaho da idonsa. A 2012 aka yi shelar za a fito da Naira 5,000 mai hoton mata uku, har da Hajiya Gambo Sawaba, aka yi ta cece-kuce, maganar ta bi ruwa. Muka sayi injin ƙirga mai shuɗiyar fitila, wadda ke sa baƙar lambar jikin takarda ta koma kore. Ƙarfin Kawu ya ja baya, idonsa ya raunana, rumfa ta dawo hannuna, shi kuma yana zuwa ya zauna a kujera da carbinsa.

Ranar 26 ga Oktoba, 2022, gwamnan Babban Banki na lokacin, Godwin Emefiele, ya ba da sanarwar za a sauya fasalin Naira 200 da 500 da 1,000. Ya ce cikin Naira tiriliyan 3.23 da ke yawo, tiriliyan 2.73 na wajen bankuna, ya kuma ambaci yawaitar jabu da kuɗin fansa. Shugaba Buhari ya ƙaddamar da sababbin takardun ranar 23 ga Nuwamba, suka fara fita ranar 15 ga Disamba. Da sabuwar dubu ta zo hannuna na kai wa Kawu. Mutanen nan biyu suna nan, ginin Abuja na nan, ajamin ma na nan, sai dai ta koma shuɗiya. Ya shafa, ya kaɗa a kunne, ya sa na faɗa masa launin. Ya yi dariya har da tari. "Ita ce dai. Karofin Ƙofar Mata aka kai ta aka tsoma a baba." Har rinin ya so ya tabbata, don in ka goga ta a farin ƙyalle takan bar shuɗi, mutane suka yi ta cewa jabu ce. Sai da masu buga ta suka fito suka yi bayani cewa halin tawadar nan mai tudu ke nan.

Aka sa wa'adin daina karɓar tsofaffin ranar 31 ga Janairu, 2023, aka ƙara zuwa 10 ga Fabrairu. Sauran labarin duk mun sha shi tare. Tun kafin asuba muke layi a ƙofar banki cikin sanyi, ana rubuta lamba a ƙasa, rana ta take a ce kuɗi sun ƙare. Da idona na ga ana sayen Naira da Naira a wurin masu POS. Tiransifa ta maƙale kwana da kwanaki, an cire maka, ba ta shiga wa mai kaya ba. Mutanen ƙauye suka fito da abin da suka binne, yana warin ƙasa, wani gara ta ci gefensa, daga garuruwan da ko reshen banki guda babu. Jihohin Kaduna da Kogi da Zamfara suka garzaya Kotun Ƙoli. Ranar 16 ga Fabrairu aka ce tsohuwar 200 kaɗai za ta ci gaba da aiki na ɗan lokaci. Mai shayi ya daina karɓar tsohuwar dubu, ɗan adaidaita ya daina, mu ma muka daina.

Cikin kwanakin nan wata tsohuwa ta zo, ta kwance haɓar zaninta, ta miƙo mini tsofaffin 'yan dubu-dubu a nannaɗe. Kwasar adashinta ce, ta sana'ar ƙuli-ƙuli. Hannuna ya yi abin da ya saba tun kafin in yi tunani. Kaushin na nan. Ƙarar na nan. Na ɗaga, inuwa ta fito, zare ya haɗe. Na karkata, kore ya koma shuɗi. Ba abin da ya ɓace a jikinta.

Na ce, "Inna, kuɗinki na gaske ne, amma an daina karɓa."

Ta ce, "To, ɗan nan, in na gaske ne, me ya same shi?"

Na rasa ta cewa. Sai muryar Kawu daga baya: "Auna mata."

"Kawu, wa zai karɓa a hannunmu?"

"Na ce ka auna mata." Da ta tafi ya kira ni kusa. Ya tuna mini canjin 1984, lokacin da gwamnatin soja ta sauya launin kuɗi, ta rufe iyakoki, ta ba da ƙasa da mako biyu. Ya ce ya ga makiyayi ya fito daga daji da kuɗin shanunsa bayan an rufe, ya zauna a bakin titi yana ta jujjuya su. "Kai kana da asusu, kana da waya, ka san ƙofar da za ka buga. Ita wa take da shi? In asarar ce, gara ta faɗo inda za a iya ɗaukarta."

Zance ya bazu cewa rumfar Alhaji na karɓar tsoho. Suka yi ta zuwa, ina aunawa ina zubawa a akwatin ƙarfe, cikina na ƙugi. Kowane dare in na buɗe akwatin sai in ga rabin takardar nan mai rubutun Kawu kwance a gefen damman kuɗi na gaske, kuma a bakin mai shayin layinmu darajarsu ɗaya. A lokacin ban fahimci Kawu ba. Na ɗauka tsufa ne ya sa shi wasa da jari.

Ranar 3 ga Maris Kotun Ƙoli ta ce tsofaffin takardu su ci gaba da aiki har ƙarshen shekara. Duk da haka kasuwa ba ta saki jiki ba sai da Babban Banki ya fito ya faɗa da bakinsa ranar 13 ga watan. Na zo wa Kawu da murna, ina cewa hangen nesansa ya fisshe mu. Ya katse ni. "Kada ka mai da ni mai wayo. Ban san kotu za ta yi haka ba. Da ta tafi, ta tafi." Sannan ya tambaye ni labarin waɗanda suka karyar da hatsinsu da awakinsu a rabin kuɗi ga duk wanda ya zo da sabuwar takarda a hannu. Su wace kotu za ta mayar musu? Na yi shiru, don na san wasunsu da suna, na kuma san waɗanda suka saya.

A Nuwamban 2023 kotun ta cire wa'adin gaba ɗaya, shi ya sa yau ruwan ƙasa da shuɗiya ke kwance a aljihu ɗaya. Ranar da gudar dubu ta fito, dala wajen Naira 130 take. Yau dubun ba ta kai dala guda ba, ba ta sayen kwanon shinkafa, amma har yanzu ita ce babbar takardarmu, da zarenta da inuwarta da tambarinta, ba abin da ya ragu. Kawu ya riga mu gidan gaskiya, Allah ya ji ƙansa. Abin da na riƙe daga gare shi doka biyu ce a rumfata. Ba a biyan mutumin ƙauye da duhu, in magariba ta kama mu ya kwana a biya shi da safe. Kuma ba a miƙa masa a dunƙule, a tafin hannunsa ake ƙirgawa, a fita da shi rana a nuna masa. In yatsansa ya yi kanta, a kira yaron da ya rako shi a koya wa yaron.

Sai dai jabun ma ta canza sheƙa, yanzu ta waya take zuwa. Ran nan wani manomi ya miƙo mini 'yar wayarsa mai tocila, ya ce, "Alhaji, duba mini, wannan alat ɗin da suka turo na gaske ne?" Na karɓa, ban ankara ba sai ga ni na ɗaga ta sama wajen rana ina karkatawa. Muka fashe da dariya ni da shi. Sannan na jawo masa benci, na ce ya zauna a kan maganarsa, kada buhu ko ɗaya ya hau mota sai mun ga kuɗin sun zauna a asusunsa.